Guntu Ɗaya, Faranti Daban: Abin da Ke Kashe Waya Wajen Filashin, Shi Ke Ba Injiniyoyin FPGA Ciwon Kai

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran waya a Wurno, Rabah ko Goronyo ya san irin wannan labari. Waya ta maƙale a kan tambarin kamfani, ba ta gaba ba ta baya. Mai gyara ya juya ta, ya ce sai an yi mata filashin. Ya duba kwamfutarsa bai samu fayil ɗin wannan wayar ba, amma akwai na wata mai kama da ita, kuma guntun da ke cikinsu iri ɗaya ne. Ya ce a gwada. Bayan minti biyar waya ta tashi da farin gilashi, ko ta tashi amma taɓawa ba ya aiki, ko kuma ta mutu murus, ko caji ba ta nunawa. Hotunan biki, lambobin dillalan albasa da shinkafa, manhajar banki, duk sun bi ruwa.

Mai waya zai ce mai gyara bai iya aiki ba. Mai gyara zai ce ai dama wayar ta kusa mutuwa. Gaskiyar maganar ita ce abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa: kama da wane ba ta wane. Guntu ɗaya ne, amma farantin da aka ɗora shi a kai daban ne. Wannan matsala ba ta tsaya a rumfar gyaran waya ba. Ita ce dai injiniyoyin manyan kamfanonin duniya ke kwana a kanta idan za su ɗauke tsarin FPGA daga wani faranti su mayar kan wani. A yau za mu bi ta daki-daki, domin wanda ya gane ta zai kare wayarsa, kuma zai leƙa wata sana'a da ke da kasuwa a duniya.

Me ya sa fayil ɗin wata wayar ke kashe taka?

Wayoyin da suka fi yawa a hannun matasanmu, Tecno da Infinix da itel, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Mafi yawansu suna aiki da guntun kamfanin MediaTek ko na Unisoc. Guntu ɗaya kan shiga wayoyi masu yawa na kamfanoni daban-daban. Misali, Helio G85 yana cikin Redmi Note 9, yana kuma cikin Infinix Hot 10S.

To amma guntu shi kaɗai ba waya ba ne. An manna shi ne a kan faranti, wanda masu gyara ke kira fanel, kuma a kan farantin akwai ma'adanar wucin-gadi, da ma'adanar ajiya, da hanyoyin da suka tafi zuwa gilashi, kyamara, lasifika da batir. Kowane kamfani yana zana nasa farantin. Wannan ya sayi gilashinsa daga wani kamfani, wancan ya saya daga wani. Wannan ya haɗa maɓallin ƙara sauti da wata ƙafar guntun, wancan ya haɗa shi da wata ƙafar daban.

Fayil ɗin filashin yana ɗauke da bayanin duk waɗannan. A wayoyin MediaTek, akwai ɗan ƙaramin sashe mai suna preloader wanda ke tashi tun kafin tambari ya bayyana. Aikinsa ya haɗa da tada ma'adanar wucin-gadi. Idan aka sa wanda bai san irin ma'adanar da ke kan farantinka ba, wayar ba za ta motsa ba. Idan kuma wannan ya dace amma bayanin gilashi bai dace ba, sai ka ji wayar tana ƙara amma ba ka ganin komai. Akwai kuma sashen da ke riƙe da lambar IMEI. Mai gyaran da ya zaɓi goge komai da komai a manhajar SP Flash Tool ba tare da ya ajiye kwafi ba, zai iya miƙo maka waya mai tashi lafiya amma ba ta kama sabis.

Riƙe wannan hoton a ranka, domin shi ne zai buɗe maka sauran bayanin.

Mene ne FPGA?

Guntun da ke cikin wayarka an gama saƙa hanyoyinsa tun daga masana'anta. Za ka iya canja manhajar da yake gudanarwa, amma ba za ka iya canja yadda aka haɗa cikinsa ba. FPGA kuwa guntu ne da ake sayar da shi kamar filin da ba a gina ba. A cikinsa akwai dubban ƙananan tubalan lissafi da hanyoyin da ke tsakaninsu, kuma injiniya ne zai rubuta yadda za a haɗa su. Yau ya mayar da shi na'urar tace hoton kyamara, gobe ya goge ya mayar da shi na'urar karɓar saƙon rediyo. Ana rubuta tsarin ne da harsuna irin su Verilog da VHDL, sannan manhaja ta juya shi zuwa fayil ɗin da ake loda wa guntun.

Kamfanin Xilinx na Amurka, wanda aka kafa a 1984, shi ya fitar da FPGA na farko na kasuwa a 1985. Sunansa XC2064, kuma tubalan lissafi 64 kacal gare shi. Na yau suna da dubbai zuwa miliyoyi. Darajar wannan fasaha ta sa Intel ya sayi kamfanin Altera a 2015 a kan dala biliyan 16.7, AMD kuma ya kammala sayen Xilinx a watan Fabrairun 2022.

Kada ka ɗauka abin ya yi maka nisa. Kayan da ke kan turakun sadarwa, waɗanda ke karɓar kiran wayarka su miƙa shi gaba, suna amfani da FPGA sosai. Mutanen Rabah da Goronyo sun san darajar waɗannan turaku tun lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a watan Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro. Waɗanda suka kwance iPhone 7 a 2016 sun tarar da ƙaramin FPGA na kamfanin Lattice a ciki. Motar Perseverance da ta sauka a duniyar Mars a 2021 ma ta yi amfani da FPGA na Xilinx wajen nazarin hotunan wurin sauka.

Ɗan goyo da faranti mai goyo

Zana farantin da zai ɗauki babban FPGA aiki ne mai wahala da tsada. Don haka kamfanoni suka raba aikin gida biyu. Akwai ƙaramin faranti da ke ɗauke da abu mai daraja, ko dai FPGA ɗin da ma'adanarsa, ko kuma guntun rediyo ko na kyamara. Mu kira shi ɗan goyo. Akwai kuma babban faranti da ake soka shi a kai, wanda ke ba shi wuta da ƙofofin haɗi da waje. Wannan shi ne faranti mai goyo.

Misali a fili shi ne Kria K26 na AMD. Ɗan goyon ɗaya ne, amma ana sayar da shi a kan farantin KV260, wanda aka yi don aikin kyamara, da kuma farantin KR260, wanda aka yi don mutum-mutumi, mai ƙofofin intanet da yawa. Wani misalin shi ne katunan rediyo na kamfanin Analog Devices masu ɗauke da guntun AD9361, wanda ke iya aiki daga megahaz 70 har zuwa gigahaz 6. Ana soka su a kan faranti irin su ZedBoard, ZC706 ko ZCU102 ta mahaɗar da ake kira FMC.

Kamfanin da ya ƙera irin wannan kati yakan ba da tsarin misali kyauta, wato cikakken aikin da aka riga aka gwada, wanda za ka loda ka ga na'ura tana aiki daga ranar farko. Matsalar ita ce kamfani ba zai gwada shi a kan kowane faranti na duniya ba. Zai zaɓi uku ko huɗu. Idan naka ba ya cikinsu, ko don shi ne mai araha da ka iya saya, ko don kai ka zana abinka, to sai ka yi dashe da kanka.

Manomin fadamar Wurno ya san dashe. Irin albasa da aka cire daga bedi zuwa gona shi ne dai irin, amma ƙasa ta canja, ruwa ya canja, kuma wanda ya dasa ba tare da lura da wannan ba zai yi asara. A dashen tsarin FPGA, abubuwa shida ake dubawa.

Na ɗaya: rabon ƙafafu

Kowane guntu yana da ƙafafu, wani ɗaruruwa, wani fiye da dubu. Tsarin da aka rubuta ya san sunaye ne kawai, kamar agogo, fitila ta ɗaya, layin aika saƙo. Akwai fayil na musamman da ke cewa wannan suna yana kan ƙafa kaza. A manhajar Vivado ana kiran shi XDC. Ɗauki faranti biyu na kamfanin Digilent, Basys 3 da Arty A7. Dukansu suna da guntu daga dangin Artix-7, dukansu agogonsu megahaz 100 ne. Amma a Basys 3 agogon yana shiga ta ƙafar W5, a Arty A7 kuma ta ƙafar E3. Ka ɗauki fayil ɗin wannan ka ba wancan, tsarin zai zauna yana jiran bugun agogon da ba zai taɓa zuwa ba. Aikin farko na mai dashe shi ne ya buɗe taswirar farantinsa, ya bi kowane layi ɗaya bayan ɗaya, ya sake rubuta wannan fayil.

Na biyu: ƙarfin wuta

Nan ne ake ƙona kaya. Ƙafafun FPGA an kasa su rukuni-rukuni, kuma kowane rukuni yana aiki da ƙarfin wuta guda. A dangin 7 na Xilinx, wasu rukunan suna ɗaukar har bolt 3.3, wasu kuwa iyakarsu bolt 1.8. Mahaɗar FMC tana da layin wuta da ake iya daidaitawa, mai suna VADJ. A ZedBoard, da ɗan marfin da ake cirewa a mayar ake zaɓen ƙarfinsa. Idan katin da ka soka yana son 1.8 amma farantin yana kan 2.5, kana iya lalata kati ko guntun. Kuskuren ƙafa sau da yawa yakan tsaya ga rashin aiki. Kuskuren wuta kuwa yana iya zama asarar kuɗi a cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa ƙwararru ke auna VADJ da mita kafin su soka komai.

Na uku: bugun agogo

Komai a cikin FPGA yana tafiya ne da bugun agogo. A ce an rubuta tsari don faranti mai agogon megahaz 100, an ce fitila ta canja duk bayan bugu miliyan 100, wato daƙiƙa ɗaya. Ka mayar da shi kan Tang Nano 9K, wanda agogonsa megahaz 27 ne, sai fitilar ta riƙa ɗaukar kusan daƙiƙa 3.7. Ga fitila wannan ba komai ba ne. Amma idan tsarin yana magana da kwamfuta a gudun 115,200, an raba miliyan 100 ne da 868 don a samu wannan gudu. Ka bar 868 ɗin a kan agogon miliyan 27, gudun zai faɗo zuwa kimanin 31,100, kuma abin da zai fito a kwamfuta shirme ne zalla. Dole a sake lissafi, a mayar da lambar 234. A manyan tsare-tsare, bayan an gyara agogo sai an duba rahoton lokaci da manhaja ke fitarwa, a tabbatar kowane saƙo yana isa inda za shi kafin bugu na gaba. Tsarin da ya faɗi wannan jarrabawa yana iya aiki da safe ya ƙi da rana idan guntun ya ɗau zafi.

Na huɗu: mahaɗa iri ɗaya a ido, daban a ciki

Mahaɗar FMC kashi biyu ce. Akwai mai ƙafa 160, akwai mai ƙafa 400, kuma girman jikinsu ɗaya, don haka kati zai shiga ko'ina. Katin da ke buƙatar layukan da ke cikin mai 400 kaɗai ba zai yi aiki a mai 160 ba, komai gwanintarka. Ko a cikin masu 400 ɗin ma, ba kowane faranti ne ya haɗa dukkan layukan da guntu ba. ZedBoard yana da mai 160 ne, kuma guntunsa, Zynq 7020, ba shi da ƙofofin nan masu tsananin gudu da wasu katuna ke buƙata. ZC706 kuwa yana da su. Wannan bincike a takarda ake yin sa, tun kafin a tura kuɗi a sayi kaya.

Na biyar: girman guntu

Zynq 7045 da ke kan ZC706 yana da sassan ninka lissafi 900. Zynq 7020 da ke kan ZedBoard yana da 220. Tsarin da ya zauna daram a babba yana iya ƙin shiga ƙarami, kamar kayan tirela da aka ce a loda wa a-kori-kura. Mafita ita ce a rage kaya: a cire tashar da ba a buƙata, a rage girman ma'adana, ko a sauƙaƙa lissafi.

Na shida: manhajar da ke sama

Guntu irin Zynq yana haɗe da FPGA da kuma ƙwaƙwalwar ARM mai gudanar da Linux. Kafin Linux ya tashi, akwai ƙaramin shiri da ke tada ma'adanar wucin-gadi, kuma saitinsa ya danganta da irin ma'adanar da ke kan farantin da tsawon layukanta. Wannan shi ne ɗan'uwan preloader na wayarka. Sannan akwai fayil ɗin da ke gaya wa Linux abin da ke kan farantin da adireshin kowanne, wanda ake kira device tree. Wayoyin Android ma da shi suke aiki. Idan bai dace ba, na'ura za ta tashi amma ba za ta ga katin rediyo ba, kamar yadda wayar da aka yi wa filashin da fayil ɗin wata take tashi ba ta ganin kyamararta.

Yadda ƙwararru ke tafiyar da aikin

Mai dashen kirki ba ya canja komai da komai lokaci guda. Yana fara neman farantin da kamfani ya gwada wanda ya fi kusa da nasa. Ya gina tsarin misalin yadda yake, da ainihin sigar manhajar da aka ce, domin bambancin sigar Vivado kaɗai yana iya hana aiki ginuwa. Daga nan ya tada farantinsa shi kaɗai ba tare da kati ba: fitila ta kama, saƙo ya fito a kwamfuta, ma'adana ta ci gwaji. Sai ya auna wuta, ya soka kati, ya gwada layin da ya fi sauƙi, ya karanta lambar shaidar guntun. Sai wannan ya yi kyau yake buɗe layukan gudu. Kowane mataki yana rubuta abin da ya canja. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, wato zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Guntun Xilinx na gama-gari an yi shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 85 a cikin jikinsa, na masana'antu kuma daga 40 ƙasa da sifili zuwa 100. Akwatin ƙarfe da aka rataye a rana a bakin madatsar ruwan Goronyo zai ƙara zafi sosai a kan na iska. Tsarin da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Turai sai an sake gwada shi a nan, tare da ƙura da hawa da saukar wutar sola ko janareta.

Me wannan zai amfana maka?

Idan kai mai waya ne, ga abin yi kafin ka miƙa ta a yi mata filashin. Shiga saiti, wajen bayanin waya, ka rubuta lambar samfuri da lambar sigar manhaja a takarda tun wayar tana lafiya. Danna *#06# ka rubuta IMEI. Ajiye lambobinka a asusun Google, hotuna kuma a wani wurin. Ka tambayi mai gyara kai-tsaye: fayil ɗin na wannan samfurin ne daidai, ko na mai kama da shi? Zai ajiye kwafin abin da ke ciki kafin ya goge? Idan ya ce a gwada a gani, karɓi wayarka. Wayoyin Transsion suna da cibiyoyin gyara na Carlcare, kuma kuɗin mota zuwa birni ya fi sauƙi a kan sayen sabuwar waya.

Idan kai mai gyara ne, ka sani cewa bin layi a kan fanel da mita, da karanta taswirar waya, rabin aikin injiniyan FPGA ne. Matasan da ke wannan aiki daga Farm Centre a Kano har zuwa rumfunan Sakkwato suna da ido da hannun da ɗalibai da yawa ba su da shi. Abin da ya rage shi ne harshen rubuta tsari. Shafin HDLBits yana koyar da Verilog kyauta ta hanyar tambayoyi, kuma da burawuzar waya ma ana iya farawa. Ƙananan faranti irin Tang Nano 9K ba su kai kuɗin waya mai tsaka-tsakin daraja ba. Manhajojin Yosys da nextpnr kyauta ne, kuma ba su da nauyin Vivado, wanda sauke shi kaɗai yana cin gigabait masu yawa na data. Ɗalibin injiniyan lantarki a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya, zai iya ɗaukar dashen ƙaramin tsari daga faranti zuwa faranti a matsayin aikin gwaji, ya koyi abin da littafi ba ya koyarwa.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowane aiki ne ke buƙatar FPGA ba. Idan burinka na'urar da za ta kunna injin ban-ruwa a fadama, ko ta auna hawan ruwan gulbin Rima ta turo saƙo, wanda mutanen da suka ga ambaliyar 2010 sun san amfaninsa, to Arduino ko ESP32 sun wadatar, kuma sun fi araha da sauƙi. FPGA yana shigowa ne inda bayanai ke kwarara da gudun da ƙaramar ƙwaƙwalwa ba za ta iya bi ba, kamar rediyo, hoton bidiyo da kayan sadarwa. Amma ko da Arduino za ka fara, tambayoyin ba su canjawa: wace ƙafa ce, wuta nawa take ɗauka, agogo nawa ne, kuma wannan fayil ɗin don wane faranti aka yi shi. Ka saba yin su kafin ka danna maɓallin lodi, ko a kan wayar dubu hamsin ne, ko a kan farantin dala dubu.